Askar Kawu Iyakarta Fata

Mu na Allah ne, wurinsa kuma za mu koma. A daminar bana, wata Talata da hantsi, lokacin da kogin Haɗeja ya tumbatsa ya shafe hanyar garinmu, Allah Ya karɓi ran kawuna, yayan mahaifiyata, wanzamin da ya yi wa kusan kowane namiji a garin nan kaciya. Na ɗauki alƙalami ne don kada a manta da shi, kuma don akwai abin da ya tokare ni a ƙirji, in ban fitar da shi ba ba zan sami sukuni ba.

Kafin azahar gidan ya cika maƙil. Masunta suka ɗaure kwalekwalensu suka taho da jiƙaƙƙun wanduna. Bulama, mai garinmu, ya zauna a zaure yana ta maimaita magana ɗaya, wai yau gari ya rasa hannu. Wata Bafulatana mai tallan nono ta ajiye ƙwaryarta a ƙofar gida tana kuka, tana nuna wa mata tabon ƙafarta inda marigayin ya yi wata guda yana naɗe mata kurkunu a jikin tsinke, bai bari ya tsinke ba. Wani tsoho abokin wasansa ya shafa ƙeya ya ce, "Shekara arba'in yana aske ni yana zagin ƙeyar nan. Yanzu wa zai zage ta?" Aka yi dariya, dariyar ta juye kuka.

Da aka gama suturta shi aka shimfiɗa shi a tsakar gida, liman ya ce 'yan uwa su matso su yi masa addu'a, duk wanda mamaci ya taɓa saɓa wa ya yafe masa kafin a fita da shi. Matarsa ta ce ta yafe duniya da lahira. 'Ya'yansa suka faɗa cikin kuka. Aka zo kan Inna, mahaifiyata, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Tana zaune a gindin rumbu, idonta a bushe.

Liman ya ce, "Baiwar Allah, ɗan uwanki ne fa za a fita da shi."

Ta ce, "Allah Ya jiƙan musulmi."

"Yafiya ake nema."

"Na ji, Malam. Allah Ya jiƙan musulmi."

Haka aka ɗauke shi. Ni kuwa ina tsaye da abu a bakina, ba damar faɗa. Ni da liman muka yi masa wanka, na ga abin da na gani a jikinsa, wanda ya wanke gawa kuwa ba ya fallasa abin da ya gani. Na bi makara ina jin haushin Inna, ina jin haushin kaina, ina jin haushin wasu mutanen da ko sunansu ban sani ba.

Shekara goma sha ɗaya Inna ba ta yi wa yayanta magana ba. In ya yi sallama takan amsa, don liman ya tsoratar da ita da zunubin gaba, amma daga amsa sallama ba ƙari. Wanda bai san Kawu ba ba zai gane nauyin wannan ba. Mutum ne gajere mai surutun tsiya, wanda ko akuya ya tarar a hanya sai ya tsokane ta. Ranar kasuwa yakan shimfiɗa buzunsa a gindin durumi, ya buɗe zabirarsa ta jar fata, ya jera aska da ƙaho, ya shiga aski yana ba mutum labarin kansa tun daga ranar suna. Yakan tafasa kayan aikinsa a wata 'yar tukunya kafin ya taɓa kowa, abin da ya gani wurin malamin asibiti na garin hakimi ya ɗauka. Sauran wanzamai suna yi masa ba'a, wai yana dafa aska kamar zai ci da tuwo. Yakan ce musu su jira ta nuna zai sammusu.

Amma abin da aka fi saninsa da shi kalma biyu ce. Duk wanda ya zo masa da kumburi a mara ko a matsematsi yana son a yi masa sakiya, wato a huda da ƙarfe mai zafi mugunya ta fita, sai Kawu ya ɗora tafin hannunsa a wurin ya ce, "Yi tari." In mutum ya yi tari kumburin bai motsa ba, ƙurji ne, sai ya hura wuta. In kuwa ya ji abu ya tunkuɗo masa hannu daga ciki, sai ya rufe zabira ya ce, "Wannan ƙaba ce, hanjinka ne ya sauko. Askata iyakarta fata. Sai likita." Ko za a ba shi saniya ba zai sake buɗe zabirar ba. Har mata a bakin rijiya in suna son su kwaikwaye shi sai su ce, yi tari.

Sau ɗaya tak ya gaya mini dalili, muna gyaran shingen gonar shinkafa. Ya ce yana saurayi, sabon fita daga hannun ubangidansa, wani makiyayi ya zo masa da kumburi kamar ƙwan agwagwa. Ya ɗauka ƙurji ne, ya sa masa ƙarfe. "Abin da ya fito ba mugunya ba ce, ɗana. Abincin da ya ci ne." Mutumin ya yi kwana uku yana kiran uwarsa, ya cika. Ba wanda ya tuhume shi, kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Ya ce shi dai ya san hannun da ya yi aikin. Daga nan ya ci gaba da ɗaure kara har muka tashi.

Baba, mahaifina, masunci ne, jan taru da ɗaukar kwalekwale suka jawo masa ƙaba. Shekara huɗu in ta sauko Kawu ne ke kwantar da shi, ya ɗaga masa ƙafafu a jikin bango, ya lallaɓa ya mayar da ita. Kullum sai ya ce masa, "Suruki, wannan lallashi ne kawai, ka je a ɗinke." To ina za a je? A duk fadamar nan tamu, tsakanin Haɗeja da Guri, ba inda ake fiɗa. Sai birni, can yamma, tafiyar ruwa da ta ƙafa da ta jirgin ƙasa. Ba kuma haka kawai mutum ke zuwa ba. Sau ɗaya a shekara, da rani, likita yakan zo garin hakimi ya duba masu ciwo, ya raba 'yan takardu masu lamba da hatimi, wanda ya samu shi za a yi wa aiki. Takardun ba su da yawa. Malamin asibiti, mutumin kirki ne, ya yi mana bayani ba ɓoye-ɓoye: likitan fiɗa guda ne, gadaje kaɗan ne, maganin sa barci kuwa gwargwadon kuɗin da aka ware ake aiko shi, in ya ƙare ya ƙare sai wata shekara. Shi kansa abin da ke cikin kabad ɗinsa bai wuce gishirin wanke ciki da aidin da ƙwayar zazzaɓi ba. Rani biyu Baba yana bin layi tun sanyin safiya, rani biyu takardu suna ƙarewa kafin a zo kansa.

Abin da ya fi ci wa Kawu rai shi ne ginin. Bayan babban yaƙin Turawa aka ce za a gina ɗakin fiɗa a garin hakimi. Aka fitar da mu aikin gayya, muka ɗebo yashi da dutse, har Kawu da gajartarsa ya yi dakon bulo. Bango ya kai ƙugu, sai magina suka tattara kayansu, aka ce kuɗi sun ƙare. Awaki suka gaje wurin. Kawu ya raɗa masa suna asibitin awaki, in ya wuce sai ya tsaya ya gaida su, ya tambaye su ya jikin marasa lafiya.

Wata shekara wani Bature mai rangadi ya sauka a garinmu, aka tara magidanta a ƙofar bulama ana ƙidayar kawuna saboda haraji. Da aka ce ko akwai mai magana, kowa ya sunkuyar da kai, sai Kawu ya miƙe. Bulama yana ta ƙifta masa ido, ya yi kamar bai gani ba. Ya ce wa tafinta, "Gaya masa, ranka ya daɗe, duk shekara ana ƙirga mu, ana ƙirga shanu, ba a taɓa yin kuskure ba. Yaushe za a ƙirga masu ƙaba? Ni na san su, in ana so yanzu in jera su." Tafinta ya yi gumi kafin ya juya maganar. Baturen bai yi fushi ba, har rubutawa ya yi a ɗan littafinsa. Ya ce kuɗin bana an ware su ga hanyar da motocin gyaɗa za su bi, ɗakin fiɗa sai baɗi in an sami hali. Kawu ya ce, "To madalla. Gyaɗa ta sami hanya. Allah Ya sa mu ma a zuba mu a buhu." Bulama ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarsa, ya koma aski wurin wani, aka yanke shi a kunne, ya dawo.

Baɗin ba ta zo ba, sai ranar Baba ta zo. Tsakiyar damina ce, ruwa ya kewaye gari. Ya dawo daga su yana riƙe da mara yana amai, kumburin ya yi tauri kamar dutse, ya ƙi komawa. Lokacin ni magidanci ne, da aurena. Na ruga na kira Kawu. Ya durƙusa ya ɗora hannu ya ce, "Yi tari." Baba ya yi da ƙyar. Ba abin da ya motsa.

Baffa, ƙanin Baba, ya ce, "To ka gani, ba ta amsa ba. Kai da bakinka ka ce in bai motsa ba ƙurji ne. Hura wuta ka yi masa sakiya ya huta."

Kawu ya girgiza kai. Inna ta zube a gabansa ta kama ƙafarsa. "Yaya, don Allah don Annabi. Dubi yadda yake murƙususu."

Ya ce, "Auta, shekara huɗu hannuna yana mayar da abin nan, na san shi. Da yana amsawa. Yau ya yi shiru ne don hanjin ya shaƙe. In na sa ƙarfe, na kashe miki miji da hannuna."

"In ba ka sa ba fa?"

"In mun isa birni da wuri, ko ba takarda za su karɓe shi."

"In ba ku isa ba fa, Yaya?"

Ya rufe zabirarsa ya ce in kawo kwalekwale.

Ni da shi muka tuƙa, yini guda muna ratsa gonakin da suka zama tafki, Baba kwance a tsakiya a kan tabarma. Da muka kai tudu muka nemi mutane aka ɗaura gadon kara, muka ɗauke shi a kafaɗa. La'asar ɗin rana ta biyu muka isa tashar Malam Madori, aka ce jirgi ya wuce tun safe, wani sai jibi. Ban taɓa ganin Kawu ya rasa abin faɗa ba sai ranar. Ya zauna a gindin wata tsamiya ya ɗora kan Baba a cinyarsa, yana jiƙa tsumma yana goga masa a leɓe. Washegari da hantsi Baba ya cika. Mutanen tasha suka taimaka mana muka binne shi a can, cikin baƙi. Muka juyo da rigarsa da hularsa.

Inna ta karɓi rigar ta dube ta, ta dubi yayanta. Ta ce, "Ka ɗauke shi da ransa, ka kawo mini riga." Maganarta ta ƙarshe ke nan da shi.

Ba zan yi ƙarya ba, ni ma na ƙullace shi na wani lokaci. Gani nake da ya huda ko da Baba zai mutu ai da ya mutu a ɗakinsa. Sai da na sami malamin asibiti na tambaye shi. Ya ce da an sa ƙarfe da mutuwar ta fi haka muni, ba kuma wanda zai iya ceto. Ya ce aikin da Baba yake bukata ba ya kai tsawon sallar Juma'a in da wuri da kayan aiki, balle a ce an yi shi tun rani, kafin ƙabar ta shaƙe. Na kawo wa Inna wannan magana da murnata. Ta ce, "Na aike ka?"

Kawu bai taɓa kare kansa ba. Duk kaka sai a wayi gari a ga damin shinkafa a ƙofar Inna, duk rani sai a ga bandar tarwaɗa. Takan ɗauka ta rabar wa maƙwabta yana gani. Ranar sunan ɗana na fari shi ya yi askin jariri, Inna ta juya wa taron baya ta fuskanci danga har aka gama. Ya daure ya ce, "Auta, jikan naki ƙeyarki ya ɗauko." Ba ta juyo ba. Ya sunkuya ya ƙarasa askin. Tun daga mutuwar Baba kuma ya ɗora wa kansa wani aiki: duk rani sai ya bi rugage da ƙauyuka yana tattara masu ƙaba, ya kora su gaba kamar tumaki zuwa layin likita, yana yi musu faɗa a hanya. Wasu su samu, yawanci su dawo hannu wofi.

Ciwon ajalinsa kwana biyu ne. Ya ce ciwon ciki ne, ya ci ɗanyen kifi. Da na ga irin aman, na tuna da na Baba, na ce bari in duba. Ya buge mini hannu ya ce, "Kai wanzami ne?" Na ce to bari in kawo kwalekwale. Ya dube ni ya yi ɗan murmushi. "Na san hanyar nan, ɗana, na san inda take ƙarewa. Ku bar ni a ɗakina." Can ya tambaya ko Auta ta san ba shi da lafiya. Na ce ta sani. Ya ce to. Gidanta da nasa katanga biyu ce tsakani, ba ta zo ba.

Wurin wanka na gani. A ƙugunsa akwai ɗamarar fata da ya ɗinka da kansa, da ƙwallon goruba naɗe da tsumma yana danne wurin. Fatar ta yi baƙi ta yi kanta, abin ba na bana ba ne, ba na bara ba. Liman ya dube ni, na dube shi, muka ja zane muka rufe.

Ranar sadakar uku wani baƙo ya iso daga wajen Kaugama, magidanci mai ƙarfi, ya ratso ruwa har ƙirji. Ba wanda ya san shi. Ya yi gaisuwa a zaure, sannan ya roƙi a kai shi wurin mata ya yi musu ta'aziyya. Na raka shi ya tsuguna a bakin ƙofa, Inna tana cikin masu zama. Ya ce shekara biyar da suka wuce ya bi layin likita, takardu suka ƙare mutum biyu kafin shi. Ya koma bayan asibitin awaki ya zauna yana hawaye, don 'ya'yansa ƙanana ne, ciwon kuma ya hana shi noma. Sai ga wani gajeren tsoho ya zo ya ce masa yi tari.

"Na yi. Sai ya zaro takarda daga hularsa ya ba ni. Na ce, Baba, wannan ta wa? Ya ce tasa ce, shi ma irin ciwon gare shi, rani uku yana bi sai yau ya samu, amma ba suna a jiki, lamba ce kawai. Na ce ba zan karɓa ba. Ya ce, kai, karɓi, ni na aurar da nawa. Ya ce ya taɓa kai wani ya mutu a tasha, ba ya son ya sake kai wani." Baƙon ya ɗan ɗaga gefen rigarsa don ni in ga ɗinkin, ya sauke. "Ya hana ni faɗa. To yanzu ba ya nan, ni kuma ba zan iya riƙewa ba."

Shi ya sa ni ma na rubuta abin da na gani wurin wanka, tunda wani ya riga ya buɗe, kuma ba abin kunya ba ne.

Matar Kawu ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka, don ita kaɗai ta san da ɗamarar, ba ta san da takardar ba. Inna ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ta ratsa mata ta shiga ɗakin yayanta, ɗakin da ta yi shekara goma sha ɗaya ba ta taka ba. Na bi ta na tsaya a bakin ƙofa. Zabirar tana rataye a ƙusa. Ta sauko da ita ta zauna a bakin gado ta ɗora a cinya, ta daɗe tana shafa fatar.

Ta ce, "Yaya, na san kana da gaskiya. Tun ranar na sani. To da wa zan yi fushi? Wanda ya hana a gama ginin nan ban san fuskarsa ba, ban san ƙofar gidansa ba. Taka na sani."

Ta ce, "Na yafe maka, Yaya. Kai ma ka yafe mini." Ta ɗora tafin hannunta a kan zabirar tana jira, yadda shi yake jira in ya ce a yi tari. Muka daɗe a haka, ni a tsaye ita a zaune.

Bangon nan har yau yana nan iya ƙugu, an kuma ce mana sai baɗi. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabari, Ya haɗa shi da Baba a inda babu ciwo. Maganar da Inna ta yi kuma, Allah Ya sa ya ji.